Littafin Ƙanzo: renon ɗan kwikwiyo a gidan da kowa ke fita aiki

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau na ɗauko shi daga Unguwar Mu'azu, gidan wani abokin aikina da karyarsa ta haifi shida. Satinsa takwas. Uwar 'yar gida ce, uban kuwa irin karnukan 'yan sanda ne, shi ya sa kunnuwan suka fi ƙarfin kan. Abokin nawa ya ce shi ba ya cin kuɗin kare, in dai mayar masa da abin da ya kashe na abinci da maganin tsutsa. Na ba shi ₦15,000.

Bari in rubuta dalili tun yanzu, don ranar da gajiya ta zo in dawo in karanta. Tun da muka tare a gidan nan na Mando bara, sau biyu aka haura mana katanga, kuma duk da rana tsaka. Na farko suka kwance injin bohol, na biyu suka ɗauke batirin sola. Ni ina aiki a wani kamfani a Kakuri, ƙarfe bakwai saura kwata na bar gida, in baifas ta cushe da tireloli sai bayan magariba nake shigowa. Uwargida ma'aikaciyar gwamnatin jiha ce, tana tashi biyar, sai dai tun Disambar 2021 Litinin zuwa Alhamis suke zuwa ofis, Juma'a tana gida. Auta, mai shekara bakwai, daga makaranta gidan kakarta a Kawo take wucewa. Ƙanena da ke kwana a ɗakin bakin get ɗalibi ne a Kaduna Poli, ba shi da tsayayyen lokaci.

Kafin in kawo shi sai da na zauna da limamin masallacinmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ajiye kare don gadin gida fa?" Ya kawo hadisin da ya yi togiya da karen farauta da na kiwo da na gona, ya ce malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kansu idan buƙata ta tabbata. Ya ba ni labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Sharaɗinsa: kare ya zauna a tsakar gida kada ya shiga ɗakuna, ƙwaryarsa daban, in ya sa baki a wani kwano a wanke sau bakwai. Ya rufe da cewa duk abin da ka tsare, cinsa da shansa suna wuyanka.

Auta ce ta raɗa masa suna. Ko minti goma bai yi a gidan ba ya tura kai cikin tukunyar da aka jiƙa, ya fito da ƙanzo a baki. Launinsa ma haka yake.

Litinin, 15 ga Janairu

Dare biyu ba barci. Kuka yake kamar jariri daga sha biyu har kiran assalatu. Jiya na gane rabin kukan na sanyi ne: hunturu ya sauko sosai, shi kuma ya saba kwana cikin tulin 'yan'uwansa. Na sa masa kwali a lungun baranda inda iska ba ta bugawa, na shimfiɗa buhu da tsohuwar rigata, na naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma na ajiye a gefe. Ya yi shiru har wajen uku.

Yau ne karon farko da muka bar shi shi kaɗai. Na zuba abinci da ruwa, na rufe get.

Alhamis, 18 ga Janairu

Ɓarnar kwana huɗu: silifa ƙafa uku, buta biyu ya huda, tiyon ban-ruwa ya tsinka gida biyu, ya janyo hijabin uwargida daga igiyar shanya ya yi birgima a kansa, ya tone shukar zogalen da na dasa a Nuwamba. Kashi da fitsari kuwa duk inda ka taka.

Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Da na shigo yau bai tarye ni ba. Na same shi a ƙarƙashin tanki, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, da na miƙa hannu sai ya saki fitsari. Ƙanena ya dawo da la'asar ya tarar da takalminsa na makaranta a yage, ya kama shi ya tsula masa dorina.

Na kira shi. Ya ce, "Yaya, in ba a dake shi ba ta ina zai san ya yi laifi? Ai da na nuna masa takalmin sai ya sunkuyar da kai, ya sani."

Na ce masa takalmin nan wataƙila tun hantsi aka yage shi, dukan kuma ya zo bayan awa biyar. Kwikwiyo ba ya haɗa abin da ya yi da safe da abin da ya same shi da yamma. Abin da ya koya yau shi ne: in get ya buɗe mutum ya shigo, a gudu a ɓuya. Karen da muke so ya tare ɓarawo a bakin get ke nan muke koya wa tsoron mai shigowa. Na biya shi kuɗin takalmi, na kuma roƙe shi kada ya sake. Daga yau takalma a ɗaki, butoci a kan dakali mai tsawo, shanya a ɗaga igiya sama.

Asabar, 20 ga Janairu

Asibitin dabbobi. Allurar rigakafi ta farko ₦9,000, maganin tsutsar ciki ₦1,500, kati ₦1,000. Nauyinsa kilo 4.

Likitan ya ja mini kunne a kan cutar da suke kira fabo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, don haka kada ya taka waje sai ya gama allurai uku, ta ƙarshe a sati 16. Ta haukan kare a sati 12. Maganin tsutsa duk sati biyu har ya kai wata uku, daga nan wata-wata.

Ya tambayi sau nawa yake cin abinci. Na ce safe da dare. Ya girgiza kai, ya ce mai wannan shekarun sau huɗu ne a yini, in an matsa uku. Ya hana albasa da tafarnuwa, ya hana ƙashin kaza dafaffe saboda yana tsagewa ya soki hanji. Wannan ya rushe shirina na ba shi ragowar miya, don miyar gidanmu ba ta rabuwa da albasa. Yanzu tukunyarsa daban: tuwon masara ko shinkafa, kifi busasshe, ƙwai, ɗan kabewa, ba gishiri ba yaji.

Laraba, 24 ga Janairu

Jiya na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ɗauko tsohuwar wayata, na jona ta da fawa-bank, na jingina ta a tagar kicin tana kallon tsakar gida, na kunna bidiyo na fita. Da dare na zauna na kalla, ina tsallakawa.

Daga rufe get ya kama kuka da kartar ƙarfe, minti arba'in bai huta ba. Sai ya kwanta. Wajen tara ya tashi ya sa ƙafa a kwanon ruwa ya kifar, ke nan daga tara na safe har biyar da rabi na yamma ba ɗigon ruwa, a wannan busasshiyar iska. Ya koma barci har sha ɗaya. Daga nan ne ɓarnar ke farawa, kuma a fili take ta yunwa ce da kaɗaici: ya lashi kwanon abinci da babu komai, ya zagaya, ya dawo ya lasa, sannan ya faɗa wa tsintsiya. Ƙarfe biyu yaran unguwa da suka taso daga makaranta suka tsaya a bakin get. Suna zuro kara ta ƙasa, in ya kama su fizge, wani yana jefo tsakuwa ta sama. Minti ashirin suna yi, shi kuma yana haukacewa yana cizon duk abin da ya motsa.

Na daɗe zaune bayan bidiyon ya ƙare. Ni ina ba shi minti goma da safe, minti goma da dare, ina cewa ina horar da shi. Awa goman da ke tsakani kuwa yunwa da ƙishi da karan yara ne ke horar da shi. Na nuna wa uwargida wurin kwanon ruwan, ta ce, "Innalillahi, ashe alhakinsa muke ɗauka."

Gyaran da na yi yau: na sa kwanon ruwa cikin tsohuwar tayar Keke yadda ba zai kifu ba, na ƙara na biyu a inuwa. Na sa mai walda ya toshe ƙasan get da falange. Saura maganar abincin rana.

Asabar, 27 ga Janairu

An samu mafita. Akwai dattijon da ke gadin ginin da ba a ƙarasa ba a jikin gidanmu, Baba muke ce masa. A ƙuruciyarsa ya yi farauta a dajin Birnin Gwari, ya san kare fiye da ni. Na ce, "Baba, alfarma nake nema." Mun shirya zai riƙa shigowa sha biyu da kuma bayan la'asar, Litinin zuwa Alhamis, ya ba shi abinci, ya canza ruwa, ya zauna da shi ko na minti ashirin. ₦6,000 a wata. Uwargida ta yi jim a kan ba da makullin get, amma ɗakuna a kulle suke, kuma tun tarewarmu ba mu ga komai a wurin Baba ba sai alheri.

Talata, 30 ga Janairu

Rana mafi muni zuwa yanzu.

Auta ta shigo da gudu da yamma, siket yana kaɗawa, shi kuma ya bi ta a kan wasa ya cafki diddigenta. Haƙoran nono kamar allura suke. Fata ta ɓare, jini ya fito kaɗan. Uwargida ta kira ni ina kan hanya wajen Kurmin Mashi, muryarta na rawa. Na ce ta tara ƙafar a famfo ta wanke da sabulu minti goma sha biyar ba tsayawa, in na iso mu wuce asibiti.

Likita ta tambaya ko an yi wa karen allurar hauka. Ba a yi ba, bai kai ba. Ta ce ciwon haukan kare ba a caca da shi, domin da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum ba a tashi. Za a fara wa Auta allura yau, a sake rana ta uku da ta bakwai, mu kuma sa ido a kan karen kwana goma. In yana nan lafiya lau, za ta duba ko a tsaya. Kowace allura ₦10,000.

A mota uwargida ta ce, "Gobe ka mayar da shi inda ka ɗauko. Na fi son a sace injin goma da a taɓa mini yarinya." Ban yi musu ba, tana da gaskiyarta. Na dai ce ko mayarwa za a yi sai kwana goman sun cika, tunda dole a gan shi kullum. Ta yi shiru.

Laifin nawa ne. Ni ne nake wasan kokawa da shi da hannu, ina bari yana tauna yatsuna saboda ba zafi. Na koya masa fatar mutum abin wasa ce.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Allurar Auta ta biyu. Sabuwar doka: haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare nan take. Ba tsawa, ba duka, mutum ya miƙe ya juya baya ya shige ɗaki na minti ɗaya. In za a yi ja-in-ja, da igiya mai ƙulli za a yi. Na koya wa Auta in ya nufo ta ta tsaya cik kamar turmi, ta rungume hannu. Kuma ba ita ba shi sai da babba a wurin.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu a bugun fenariti, unguwa ta ɗauki ihu da nokawut. Ya shige kwali yana kakkarwa. Na zauna kusa da shi a baranda ina ba shi gutsuren huhu har ya fito da kansa.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Jiya kwana goma suka cika, yana ci yana wasa. Likitar Auta ta ce allurai ukun sun wadatar. Alhamdulillahi. Yau shi ma ya karɓi tasa ta biyu da ta hauka, ₦14,000. Kilo 7.

Uwargida ba ta sake tada maganar mayarwa ba. Juma'a biyu da ta wuni da shi ta ce ta lura ba ya ɓarna in yana ganin mutum, bin ta kawai yake daga famfo zuwa igiyar shanya.

Da dare na tara kowa har da Baba, saboda na gano muna rikita shi. Ƙanena da Turanci yake ba shi umarni, wai karnuka sun fi jin Turanci. Baba da fito da tsaki yake kiransa irin na mafarauta. Uwargida "kai, tafi can" take ce wa komai. Kare ba ya jin kowane yare, sautin da aka maimaita masa aka biya shi a kai shi yake riƙewa. Mun tsayar da kalmomi huɗu: zo, zauna, bari, shiga. In ya yi daidai a ce "yawwa" a ba shi lada a take, ba bayan an shiga kicin an fito ba. Ladan huhun sa ne, ina saye wurin mahauci, a dafa, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, a shanya. Na rubuta kalmomin a kwali na liƙa a ƙofar kicin.

Baba ya kawo shawarar da na ƙi. Ya ce in ana son kare ya yi zafi, a ɗaure shi a ɗaki mai duhu kada ya ga kowa sai mai ba shi abinci. Na san haka ake yi a gidaje da yawa, na kuma ga sakamakon: kare mai cizon mai kawo ruwa, da baƙo, da ɗan gida, wanda ranar da ya tsinke sai an kira 'yan sanda. Irin wannan tsoro ne ya cika shi, bai san wa zai bari wa zai tare ba. Ni ina son wanda ya san mutanen gida da masu shigowa ta ƙofa da sallama, don ya gane wanda ya zo ta katanga. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri a kan wannan." Ya ce gidana ne.

Asabar, 24 ga Fabrairu

An gama shingensa. Taku shida a taku huɗu a gindin mangwaro, daɓen siminti, waya a kewaye, rumfar kwano a rabi. Siminti ya tashi a watan nan ba kaɗan ba, buhu biyu ₦19,000. Waya ₦18,000, kwano ₦12,000, katako da ƙusa ₦9,000, birkila da kafinta ₦12,000. Jimla ₦70,000, kusan ninkin abin da na ware.

A nan zai riƙa zama daga fitarmu zuwa zuwan Baba. Ban tura shi ciki da ƙarfi ba. Kwana uku a ciki nake ajiye abincinsa ƙofa a buɗe, ina cewa "shiga" ina jefa huhu. Ba kuma za a taɓa kai shi can don horo ba.

Na bar wani lungu a bayan gida da yashi don bayan-gida. Da ya farka, da ya gama ci, da ya gama wasa, a kai shi can a tsaya har ya yi, a ce yawwa. Inda ya saba yi a baranda na wanke da Hypo don warin ya fita.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Tsarin yanzu: bayan asuba minti 25 na guje-guje da darasi, sannan abinci, sannan shinge da ƙaton ƙashin gwiwar sa ɗanye. Na sake saka tsohuwar wayata tana ɗaukar bidiyo. Kukan safe ya sauko zuwa minti shida. Kwana biyar ba kashi a baranda.

Asabar, 9 ga Maris

Allura ta uku, ₦10,000. Kilo 11. Likita ya ce a ƙara sati ɗaya zuwa biyu kafin fita. Zauna da shiga sun zauna. Zo yana amsawa in babu abin da ya fi ni daɗi a wurin.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi ya kama tun Litinin, tsari ya birkice. Bayan asuba barci ke ɗibata, da yamma kuma ina shigowa dab da shan ruwa, daga nan tarawihi. Kwana uku ba darasi, kuma ya nuna: ya koma tsalle a jikin mutane, ya tauna ƙafar benci. Haƙoran nononsa sun fara zuba, na tsinci ɗaya a daɓe kamar ƙwayar shinkafa. Guda 28 ne za su fita, 42 su maye, har wajen wata shida zuwa bakwai, don haka taunar yanzu ƙaiƙayin dasashi ce. Karas mai sanyi daga firji yana taimakawa.

Na mayar da darasi tsakanin sahur da kiran salla, minti goma, da wani bayan tarawihi. Zafi ya shigo, na ce wa Baba ya riƙa canza ruwa sau biyu ya yayyafa wa daɓen.

Talata, 26 ga Maris

Ya kashe kajin uwargida biyu.

Ƙanena ya sake shi da hantsi don tausayi, ya fita ya manta bai mayar da shi shinge ba, akurki kuma a buɗe. Baba ya tarar da gashin kaji ko'ina. Bai ci ba, ya dai bi su ya girgiza har suka daina motsi. Ɗaya tana kwanci a kan ƙwai tara. Uwargida ta yi kuka, don tun suna tsaki ta rene su.

Maƙwabcinmu Alhaji ya ce a ɗaura masa mushen a wuya ya kwana uku da shi, wai ba zai ƙara ba. Wani a masallaci ya ce karen da ya ɗanɗana jini ya lalace, sai a kai shi nesa a yar. Ban yi ko ɗaya ba. Bin abin da ke gudu yana cikin jininsa, kuma wata biyu da rabi ina ganin yadda yake kafe kajin nan da ido, ban taɓa zama na koya masa komai a kansu ba. Na ɗauka shinge ya isa.

Ga abin da na fara tun daren yau. Doguwar igiya a wuyansa, kaza a cikin kwando can nesa, taku goma sha biyar. Ya kalle ta, in ce "bari". Ya juyo ya kalle ni, yawwa, huhu. In ya kasa juyowa, mun yi kusa da yawa ke nan, sai mu ja baya. Kullum a rage taku ɗaya ko biyu. Kuma ko ya ƙware, ba za a sake barin sa da kaji ba mutum ba. Na sa sakata mai kama kanta a ƙofar akurki. Talata mai zuwa ƙanena zai je kasuwar Kawo ya sayo mata biyu, na ba shi ₦12,000. Ya so ya biya daga aljihunsa, na ce ya bari, ya dai riƙa duba sakata.

Asabar, 30 ga Maris

Fita ta farko da igiya, bayan tarawihi. Ya ja ni kamar zai tsinke hannuna. Duk ya ja sai in tsaya, igiya ta saki mu ci gaba. Layi ɗaya ya ci mana rabin awa. Ina kauce wa ƙofar masallaci da inda mutane ke shimfiɗa, ba kowa ke son kare ya raɓe shi ba, kuma haƙƙinsu ne.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Baƙi sun fi talatin. Yana shinge, duk wanda ya yarda na ba shi huhu ya jefa masa bayan ya zauna. Yaran da suka riƙa zura masa kara sun zo yawon Sallah, na nuna musu yadda ake ce masa zauna. Sun yi layi.

Asabar, 27 ga Afrilu

Kwana uku yana lasar cikinsa da tafin ƙafa. Na kwantar da shi na ga ƙuraje kamar maruru, kowanne da ɗan rami a tsakiya, wani abu yana motsi a ciki. Ƙanena ya ce a fesa masa fiya-fiya. Na hana, wannan guba ce da ke ratsa fata, kuma zai lasa.

Likita ya ce tsutsar ƙuda ce. Ƙudan yana zuba ƙwai a yashin da ke inuwa mai warin fitsari, tsutsar ta huda fata ta girma a ciki kwana takwas zuwa sha biyu. Ya shafa basilin a bakin ramukan don ta rasa iska, ya matse su ɗaya-ɗaya. Guda sha ɗaya. Lungun yashin da na yi masa shi ne matattarar, don da zafi ya tsananta can yake zuwa ya kwanta. Ya ce ƙudan yana yi har a kayan shanya, a riƙa goge kayan Auta da dutsen guga mai zafi. ₦7,000 har da maganin kaska, tunda damina ta ƙarato.

Na kwashe yashin gaba ɗaya. Wurin zai koma tsakuwa, a inda rana ke bugawa.

Asabar, 11 ga Mayu

Daren Alhamis wajen biyu da rabi ya yi wani haushi da ban taɓa ji ba, mai kauri, daga ƙirji. Na fito da tocila na same shi tsaye yana fuskantar katangar baya, gashin ƙeyarsa a miƙe. Ban ga kowa ba. Da safe Baba ya nuna mini bulo biyu da aka ɗora a bayan katangar, da sawun takalmi a laka. Da na kira shi a daren ya zo, ya zauna a gefena yana huci, kuma da asuba ya yi wa Auta rawar wutsiya kamar kullum.

Sati mai zuwa zai cika wata shida. Kilo 17. Abin da na kashe ban da abinci da kuɗin takalmi da na mai walda, har da kuɗin Baba na wata uku, ₦187,500. Abinci yana cin kusan ₦12,000 a wata, kuma zai ƙaru.

Kaza tana wucewa taku uku daga gare shi yana kwance in ina wurin. Abin da ya rage: har yanzu yana tsalle wa uwargida in ta shigo da leda, yana jan igiya in ya hango akuya, kuma zo ba ta aiki a waje. Abinci zai koma sau biyu, don haka Baba zai riƙa zuwa sau ɗaya, amma ba zan rage masa kuɗi ba, zaman da yake yi da shi nake biya. Zan yi magana da likita a kan dandaƙa. Rumfar shingen tana yoyo ta gefen gabas, kafinta zai zo Litinin kafin ruwa ya zauna, na bar wa ƙanena ₦5,000 na kwano ɗaya da ƙusa.